Yaya ake koya wa ƙaramin yaro ƙirga kuɗi da ba da canji, tunda kwandala ta ɓace?

Maman Biyu

Assalamu alaikum. Malamai da iyaye, shawara nake nema. Yaro ne ɗan shekara shida da ƙanwarsa 'yar huɗu da rabi. Babban yana ƙirga har ɗari ba tuntuɓe, yana kuma gane lambobi a rubuce. Amma in aka ajiye masa naira hamsin guda a gefe, naira goma-goma uku a gefe, aka ce ya ɗauki mai yawa, ukun yake kwasa. In aka ce abu na naira saba'in ne, an ba shi ɗari, nawa zai mayar, sai ya tsaya yana kallon yatsunsa. Littafin lissafinsu kuwa cike yake da hoton kwandala, kwabo hamsin da naira ɗaya da naira biyu, waɗanda bai taɓa riƙewa ba. Ta ina ake farawa? Da kuɗin gaske ko da na wasa? Ita ƙaramar fa, lokacinta ya yi?

Malamar Aji Ɗaya

Wa alaikumus salam, Maman Biyu. Ki kwantar da hankalinki, kan yaron nan lafiya lau yake. Duk ƙirgen da ya sani zuwa yau, abu ɗaya lamba ɗaya ne: akuya ɗaya, cokali ɗaya, yatsa ɗaya. A kuɗi ne zai fara cin karo da takarda guda da ke tsayawa a madadin abubuwa hamsin. Saboda haka uku ta fi ɗaya a idonsa, kuma da gaskiyarsa. Kada a taɓo maganar canji sai wannan ya zauna masa, in ba haka ba hadda kawai zai yi.

Ki tara marafan robar lemo guda hamsin, ban da na ƙarfe domin bakinsu na yanka. Kowane murfi naira goma ne. Goma na zaɓa maimakon biyar saboda ƙirgen goma-goma ya fi sauƙi, kuma yau da wuya ki ga abin da naira biyar ke saya. Sai ki yanka kwali, irin na taliya ko na sukari: katin 20 guda goma, na 50 guda goma, na 100 guda goma, na 200 guda biyar. A fuska ki rubuta lambar da girma. A baya ki ɗora murfi ki zagaye shi da biro: zobe biyu a katin 20, biyar a katin 50, goma a katin 100, layi biyu biyar-biyar. Amfanin zoben shi ne yaro ya jera marafan a kansu da hannunsa, ya ga katin hamsin yana cinye marafai biyar cif.

Wasan kuwa na banki ne. Ke ce banki. A samo ɗan dayis na ludo, yaro ya jefa, abin da ya fito ya ɗebi marafai daidai adadin. Doka ɗaya ce: ba a riƙe marafai biyar, da sun cika sai a kai banki a karɓo katin hamsin. Katin hamsin biyu a karɓo na ɗari. Wanda ya fara kai ɗari biyu ya ci. Minti goma a rana ya isa, a tashi tun bai gaji ba.

A kwanakin farko za ki ga ya damƙe marafan ya ƙi saki, wani har kuka yake, gani yake an karɓe masa biyar an ba shi ɗaya. Kada ki yi ta bayani. Ki ce ya maido katin, ki mayar masa da marafansa biyar, a sake musanya, a sake warwarewa, sau uku sau huɗu. Ranar da ya zo da kansa ya ce a fasa masa hamsin yana buƙatar goma-goma, an haye.

Akwai wata matsala da ke cikin harshenmu wadda ba a cika lura da ita ba. Ashirin, talatin, arba'in, hamsin, har casa'in, duk daga Larabci muka aro su, yaro ba ya jin uku a cikin talatin, ba ya jin bakwai a cikin saba'in. Tsohon ƙirgen Hausa kuwa gomiya biyu, gomiya uku, gomiya huɗu yake cewa, lissafin a fili. Ki yi amfani da shi a matsayin tsani. Yana ajiye murfi yana faɗin biyun: gomiya uku, talatin, gomiya huɗu, arba'in. Cikin mako ɗaya ko biyu zai bar gomiyar da kansa. Ki sa kunne wajen sittin, saba'in, tamanin, nan suka fi tsallake ɗaya.

In aka zo ƙirga kuɗi gauraye, a ware su tukuna iri-iri, a jera daga babba zuwa ƙarami, duk wanda aka ƙirga a tura shi gefe don kada a maimaita. Kuskuren da kusan kowane yaro ke yi shi ne wajen sauya taki. A gabansa akwai 50, 20, 20, 10. Zai ce hamsin, saba'in, casa'in, sannan ya ɗauki goman ya ce ɗari da goma, domin bakinsa ya riga ya kama tsallen ashirin. Maganinsa a bar tazara tsakanin kashi da kashi, in ya gama kashi ɗaya ya dafa shi da tafin hannu ya faɗi jimla, ya dubi na gaba ya ce "yanzu goma", sannan ya ci gaba.

Bayan mako biyu ko uku sai a fito da kuɗin gaske a ajiye kowanne kusa da katinsa. Abu biyu a nan. Kada a ɗiga masa zobe ko alama a jikin naira, dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta hana rubutu a kan kuɗi. Sannan kada ya dogara da launi. Ashirin kore ce, sabuwar ɗari biyar ta 2022 ma kore ce. Hamsin shuɗiya ce, sabuwar dubu ma haka, ga kuma tsofaffin na yawo tare da sababbin. Lamba zai riƙa dubawa. Hoto ma na taimakawa, Murtala a ashirin, Sardauna a ɗari biyu, amma lambar ce gaba. A wanke hannu in an gama.

Mai Shagon Unguwa

Malama ta gama da tushe, bari in ɗora a kan canjin kansa. Hajiya, ba wani mai shago da ke ɗebewa a ka irin ta littafi, wai ɗari biyu a cire ɗari da talatin, a ranto daga maƙwabci. Hawa ake yi daga kuɗin kaya har a taɓo abin da mai saye ya bayar. Haka za a koya wa yaro, domin ƙari ne, ƙari kuwa ya riga ya iya.

A shimfiɗa masa shago a faranti: kwalin ashana, sabulu, gwangwanin madara wanda ba komai a ciki, biskit, a manna wa kowanne kuɗinsa. Da farko duk kuɗin kayan su ƙare da sifili, kada su wuce hamsin. Ga yadda ciniki ɗaya zai gudana. Kin ɗauki biskit na talatin, kin miƙa hamsin. Ya karɓa ya ajiye ta a fili a kan faranti, ya danne da ɗan dutse, ba cikin gwangwanin kuɗi ba. Ya ɗauki biskit ya sa miki a hannu yana cewa "talatin". Ya ɗora goma a kai, "arba'in". Ya ɗora wata, "hamsin". Ya kalli takardar da ke ƙarƙashin dutse, sun yi daidai, ya tsaya. Sai ki buɗe hannu ku ƙirga abin da ke ciki ban da biskit: ashirin.

Wurin da ake faɗuwa shi ne kalmar farko. Yaro yakan ce "talatin" a lokacin da yake ajiye goman farko, sai ya zama ya ba da goma uku, canji ya haura da goma. Shi ya sa na ce kuɗin kaya a faɗe shi tare da miƙa kayan. Biskit ɗin shi ne talatin, kuɗi kuwa daga arba'in suke farawa. Wani kuma yana hawa sai ya wuce wurin tsayawa don ya manta nawa aka ba shi, wannan shi ne aikin takardar da aka bari a fili. Manya ma in sun jefa kuɗi cikin aljihun tebur kafin su ba da canji, nan gardamar "ɗari biyar na ba ka", "a'a ɗari biyu ce" take tashi. Akwai kuma mai mayar miki da kuɗin kayan a matsayin canji: abu na talatin, ya ba ki talatin. Wannan bai gane abin da ake nufi da canji ba tukuna. A mayar da shi kan marafai: ki biya da katin hamsin, ya kai banki a fasa masa biyar, ya ware uku na shago, biyun da suka rage naki ne. A yi haka kwana uku sannan a dawo hawa.

Ku lura, tsarin a nan kishiyar na Malama ne. Ƙirga abin da ke hannu daga babba ake farawa, ba da canji kuwa daga ƙarami, a cike zuwa lamba mai kai, sannan a yi manyan tsalle. Kaya na 130, an ba da 500: ashirin, ɗari da hamsin, hamsin, ɗari biyu, ɗari, ɗari uku, ɗari biyu, ɗari biyar. Takarda huɗu, 370. A faɗa wa yaro wannan bambancin ƙarara, kada a bar shi ya gano, yana rikita su.

Abin da ke sa sauri shi ne sanin abokan ɗari: goma da casa'in, ashirin da tamanin, talatin da saba'in, arba'in da sittin. Bakin kasuwa ma yana taimako, ai mukan ce ɗari ba goma, ɗari biyar ba hamsin, canjin na cikin maganar. A riƙa jefa masa su a hanya: "ɗari ba talatin nawa ke nan?"

Biyu a jinkirta su. Na ɗaya bambancin "hamsin-hamsin" da "uku hamsin", sai ya iya canjin kaya guda sosai. Na biyu "kawo talatin in ba ka ɗari", wato kaya na 130, ka ba da 200, mai shago ba shi da saba'in. Yaro ɗan shida gani zai yi ana ƙara masa kuɗi. Sai wajen shekara takwas, kuma a nuna masa da kati a ƙasa: 230 ya shiga, kaya sun ci 130, ɗari ta fito.

Ɗan Maraɗi

Sannunku da ƙoƙari. Mu nan Nijar kwandala na nan da ranta, da ita ake sayen ƙosai da ruwan leda, saboda haka yaranmu da tsabar gaske suke koyo. Amma muna da namu ƙullin, kuma ya shafi duk mai kai yaro kasuwannin iyaka irin Jibiya da Illela da Maigatari.

Abin da ke rubuce a jikin kuɗi daban, abin da baki ke faɗi daban. Sefa 5 ita ce dala guda, da ita ake ƙirge. Sefa 10 dala biyu, 25 dala biyar, 50 dala goma, 100 dala ashirin, 200 dala arba'in, 250 dala hamsin, 500 dala ɗari, takardar 1000 kuwa jika. Yawanci ma ba a faɗin dalar, mai tebur zai ce "ashirin" kawai, yana nufin kwandalar da aka rubuta wa 100. Yaron da ya fara gane lambobi a lakwal, wato makaranta, sai ya ga 100, ya ji an ce ashirin, ya rasa wanda zai gaskata.

Shawarata, ɗan ƙasa da shekara bakwai a koya masa da dala zalla, a ɗauke ta a matsayin sunan kwandalar, kamar yadda ake sanin sunan mutum ba tare da an karanta katinsa ba. Da dala lissafin ya ma fi sauƙi, domin kwandalolin sun koma 1, 2, 5, 10, 20, lambobin da yatsu ke iya ɗauka. Wasan bankin Malama yana tafiya daidai: dala guda-guda biyar a karɓo dala biyar, dala biyar biyu a karɓo dala goma. Hawan Mai Shago ma haka: kaya na talatin da biyar, an ba da ɗari, a ɗora biyar, arba'in, goma, hamsin, ashirin, saba'in, ashirin, casa'in, goma, ɗari. Canji sittin da biyar, wato sefa 325.

Sai ya iya jadawalin biyar sannan a haɗa masa harsunan biyu. Dabarar gajeriya ce. Daga sefa zuwa dala, a ninka biyu a cire sifili: 150 ta zama 300, ta zama talatin. 175 ta zama 350, talatin da biyar. Daga dala zuwa sefa, a ƙara sifili a raba biyu. Kada a koya masa duka biyun rana ɗaya, zai ninka inda ya kamata ya raba.

Girman kwandala ma yana yaudara. Dala biyar, ja ce kuma faffaɗa, ta fi dala goma girma nesa ba kusa ba, har ma ta ɗan ɗara dala ashirin. Yaro zai ɗauki faffaɗar ya bar farar ƙaramar. A ce masa fararen sun fi jajayen daraja, masu launi biyu sun fi duka. A cikin masu launi biyun kuma 200 da 250 suna kama da juna, sai an juya an dubi lamba. Abu na ƙarshe, in akwai mai rarrafe ko ɗan ƙasa da shekara uku a gidan, a ƙirga kwandalolin kafin wasa, a ƙirga bayan wasa, a rufe su a gwangwani. In ta faru yaro ya haɗiye, asibiti za a nufa, kada a tura masa yatsa a maƙogwaro ko a ɗura masa wani abu don ya yi amai.

Tsohon Hedimasta

Allah Ya yi muku albarka. 'Yata, game da kwabon da ke cikin littafi, kada ki yi faɗa da shi, kada kuma ki fara da shi. Kwandalolin nan uku, kwabo 50 da naira 1 da naira 2, a 2007 aka fito da su, ba su daɗe a hannun jama'a ba tsadar kaya ta ture su. Amma kwabo bai mutu a lissafi ba, yana nan a saƙon banki da takardar kuɗin wuta, kuma da shi ake shiga darasin ɗigo a manyan azuzuwa. Yanzu abin da yaron ke buƙata don jarrabawa kaɗan ne: ya gane su a hoto, ya san kwabo ɗari naira ɗaya ce, kwabo hamsin biyu naira ɗaya. A yanka masa su da kwali zagayayyu a yi musanya sau biyu uku, ya wadatar.

In yana zama da kakanni zai ji sule da sisi da fam da jaka. Ragowar tsarin kuɗin fam ne irin na Ingila da aka bari a ranar 1 ga Janairu 1973, lokacin da naira ta shigo. Fam guda ya koma naira biyu, sule kwabo goma, jaka kuwa fam ɗari ce, wato naira ɗari biyu, shi ya sa tsoho zai ce jaka biyar yana nufin dubu. Kun ga jikar Ɗan Maraɗi da jakarmu ba ɗaya ba ne. A gaya masa don sani, kada a sa su cikin darasi.

Inda na ɗan saɓa da Mai Shago shi ne, hawa ita kaɗai ba ta isa ba, domin makaranta ɗebewa za ta tambaye shi a rubuce. A 1985 wasu masana sun wallafa binciken da suka yi a kan yara masu talla a birnin Recife na ƙasar Brazil. Sun tarar yaran na ba da canji daidai a bakin titi, amma in aka rubuta musu lissafin nan ɗin a takarda sai su yi ta kuskure. Duk malamin da ya koyar a garuruwanmu ya san irin yaran. Dalili shi ne ba wanda ya nuna musu cewa abin da hannu ya yi da abin da alli ya rubuta abu ɗaya ne. To a nuna masa tun yanzu. Duk cinikin da aka gama a faranti, a rubuta shi layi biyu, ɗaya ƙarƙashin ɗaya: 30 + 20 = 50, sannan 50 − 30 = 20. Shi zai rubuta, ba ke ba. Ciniki uku a rana, ba shafi guda ba.

Sai aike. Kafin ya fita a yi masa tambaya uku: nawa aka ba ka, nawa ne kayan, nawa za ka dawo da shi. A fara da kaya guda da takarda guda, shago mafi kusa. Ya ƙirga canjin a gaban mai shago kafin ya juya baya, in ya ga an ba shi fiye da ƙima ya mayar nan take, in an ba shi alewa a madadin canji ya zo ya faɗa. In ya dawo da canji bai cika ba, don Allah kada a daka masa tsawa, balle duka. Yaron da aka doka a kan naira ashirin ɓoye kuskure zai koya, kuma da ya ga kuɗi kansa zai ɗaure. A zauna a maimaita cinikin da kati a gano inda aka zame.

Maman Biyu

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Baba, na ji batun rubuta layi biyun. Saura maganar ƙaramar, Malama, in haɗa su wasa ɗaya ko in bar ta tukuna?

Malamar Aji Ɗaya

Ki gwada ta da abu uku. Ki zuba marafai takwas ki ce ta ƙirga, ki duba ko tana taɓa kowanne sau ɗaya, baki da yatsa na tafiya tare. In ta gama ki tambaye ta "nawa ne?", in ta ce takwas, madalla, in ta koma ƙirgawa daga ɗaya, ba ta riga ta san lambar ƙarshe ita ce jimla ba. Sannan ki baza marafan nan takwas su yi nisa da juna a gabanta, ki sake tambaya. Da yawa a shekarunta za su ce sun ƙaru.

In ta ci ukun, ta shiga wasan banki, amma a wurinta murfi ɗaya naira ɗaya ne, kati ɗaya tak na biyar mai zobe biyar, a tsaya a goma. In ba ta ci ba, ta zama mai saye a shagon yayanta: kowane kaya marafai biyu ko uku ko huɗu, ta ƙirga ta biya daidai, ba canji. Warewa ma aikinta ne, ta tara katin 20 wuri ɗaya, na 50 wuri ɗaya kafin a fara. Sai dai a ba ta marafai masu launi daban da na yayanta, ja nata, fari nasa, don kada ya ji murfin da aka ce masa goma ne ana kiransa ɗaya.